Kwalba a Hanyar Jos

Dinah na tura buhun cittar mahaifiyarta ƙarƙashin kujerar mota a tasha ke nan sai ta hango mutumin yana ratsowa ta tsakanin 'yan acaba, rungume da jakar bako a ƙirji. Tun kafin ya iso ta gane shi. Jibir ne, mijin Mairama, Bafulatanar da ke kwance a gadon ƙarshe na ɗakin mata a asibitin da Dinah ke aiki a Kafanchan. Ta kuma san abin da ke cikin jakar, don ita ta haɗa shi da hannunta: ƙullutun da aka ciro daga nonon Mairama, nutse cikin ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, a kwalbar mayonis, an naɗe murfin da filasta. A asibitinsu babu mai duba irin wannan nama ya ce ciwon daji ne ko ba shi ba ne. Sai dai dangin maras lafiya su ɗauka su kai Jos.

Jibir ya leƙo cikin motar, ya gan ta, ya fara rusunawa zai gaishe ta. Dinah ta sunkuyar da kai a kan wayarta. Ya ɗan tsaya, sannan ya wuce kujerar baya ya zauna, ya ɗora jakar a cinya.

"Kin san shi?" mahaifiyarta, Mama Keziya, ta tambaye ta.

"Mutane da yawa suna zuwa asibiti, Mama."

Mama Keziya ta gyara zanen zumuntar matan majami'a da ta ɗauro, sabo fil, har yanzu da ƙamshin kanti. Jiya ta taso daga ƙauyensu na bayan Kwoi, ta ce babu yadda za a yi 'yarta ta tafi intabiyun zama babbar likita ita tana gida tana ferar citta. Za ta raka ta har bakin ƙofa, ta yi addu'a a wurin, sannan ta wuce Tudun Wada ta gaida ƙanwarta.

Abin da Mama Keziya ta sani shi ne Dinah za ta zama likitan mata. Kowa ma abin da ya sani ke nan. Yayar Dinah, Miriyam, a kan babur ta rasu, ana hanyar kai ta asibiti da naƙudar da ta ƙi ci gaba. Tun daga ranar matan zumunta suka ɗauki karatun Dinah kamar nasu. Suna ambatonta a addu'ar Talata, suna aika mata gari da busasshiyar kuɓewa makaranta. Ranar da ta ci jarrabawar farko ta shiga horon ƙwarewa, wadda likitoci ke kira firamare, fasto ya kira iyalin gaban majami'a, Mama Keziya ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi.

Abin da ba ta sani ba, bayan shekara guda Dinah ta sake rubuta wata firamaren, ta fatoloji, ta kuma ci. Fatoloji shi ne aikin likitan da ake kawo wa nama da jini ya duba a madubin ƙara girma ya faɗi sunan cutar, shi ne kuma mai buɗe gawa in ana son sanin abin da ya kashe mutum. A gida sunansa ɗaya ne: likitan gawa. Yau da tsakar rana sassan biyu za su yi intabiyu a asibitin koyarwa, lokaci guda, kuma mutum ba ya tsayawa a layi biyu. Dinah ta riga ta yanke wanda za ta bi. Dabararta ita ce ta zaunar da Mama a ƙarƙashin bishiya a bakin get, ta shiga ta fito, maganar gaskiya kuma ta bari sai wata rana. Shi ya sa ba ta son komai ya haɗa ta da wata kwalba a cikin motar nan.

Levi direba ya buga ƙofa, ya ce wa fasinjoji wanda bai yi fitsari ba ya riƙe abinsa sai Vom. Aka yi dariya, motar tasu, Sharon, ta fita daga tasha.

Ba su kai Kagoro ba Mama Keziya ta riga ta sanar da duk motar. "Wannan yarinya na ne. Dokta ne. Yau za a ɗauke shi ya zama na mata, na haihuwa."

"Kai, Mama, kin gama aiki," in ji matar da ke gefen Dinah, wata mai goyo. "Anti dokta, ki dawo mana nan fa, kar Abuja ya sace ki."

"Ina zai je? Ubangiji ya riga ya nuna masa wuri."

Levi ya leƙo ta madubi. "Dokta, mata na tana da ciki na shida. In kin gama karatu ki zo ki ba ni magani, ni ne mai ciwon."

Dinah ta yi murmushin da ta saba yi. Ba wai ba ta iya karɓar haihuwa ba ne. Ta karɓa ba adadi, wasu da hasken waya, kuma hannunta bai taɓa rawa ba. Ba ta dai so ne. Abin da take so ta same shi tun tana aji huɗu, ranar da ta fara ɗora ido a kan madubi ta ga yankin nama ya koma wani gari mai ja da shuɗi, kowace ƙwayar halitta a gidanta, waɗanda suka lalace kuma sun fita daga layi suna tona kansu. Ta zauna a wurin har aka zo rufe ɗaki. Ta sha neman wani dalili mai nauyi da za ta iya kai wa matan zumunta, ta ce saboda irin su Mairama ne, masu jiran sakamako wata da watanni. Gaskiya ne, amma ba shi ne na farko ba. Na farkon shi ne tana so, kuma wannan bai isa a ajiye kusa da kabarin Miriyam ba.

Bayan sun gangara wani kwari sai suka tarar an gitta gungume a kan titi. Samari ne na wani ƙauye, da sanduna da 'yan riguna masu sheƙi. An ce an shiga gonakinsu a makon, don haka suke tare hanya. Babbansu, wani dogo mai jan hula, ya zagayo yana leƙa fuskoki.

"Kowa ya sauko da kayansa."

"Haba, oga, ka san ni fa," in ji Levi.

"Na san ka. Ban san kayanka ba."

Suka sauka suka jeru a gefen titi. Aka taɓa buhun citta, aka ce wa Mama Keziya sannu da hanya. Ba a ma buɗe jakar Dinah ba. Da aka zo kan Jibir sai abin ya canza.

"Malam, me ka rungume haka kamar amarya?"

"Saƙon asibiti ne."

Wani ya fizge jakar, ya zazzage. Buta ta faɗo, da darduma, da kwalbar naɗe cikin tsumma. Ya warware tsumman ya ɗaga kwalbar sama, rana ta haske abin da ke lilo a ciki, fari-fari da ratsin rawaya, ga ɗan guntun fata a manne.

Kowa ya zuba wa kwalbar ido.

"Naman mutum ne," wani ya faɗa a hankali.

"Na matata ne," in ji Jibir. "An yi mata aiki. Ga takarda."

Mai jan hular ya karɓi takardar ya juya ta, ya kalli rubutun likitoci da ba ya karantuwa, ya sake ta ta faɗi ƙasa. "Kowa na iya rubuta takarda. Wa ya ba ka?"

"Likita."

"Wace likita? Ina take?"

Dinah na tsaye taku kaɗan daga gare shi. Ta ga idon Jibir ya zo kanta, ya tsaya, ya sauka kan zanen zumuntar da ke gefenta, sannan ya koma ƙasa. Bai nuna ta ba. Ta ɗauke kai a tasha, shi kuma ya karɓi hakan, bai ga ya dace ya jawo ta cikin abin da ta nuna ba ta so ba.

Ta ce a ranta yanzu za su gane, yanzu Levi zai sa baki, yanzu wani zai karanta hatimin asibiti. Mama Keziya ta riƙe mata hannu tana jan ta baya. Mutane sun fara fitowa daga gidajen bakin titi, wata mata na kiran sunan wani yaro da ya ɓace bara. Dinah na nan tsaye, takardar da ke ɗauke da sa hannunta na kwance a ƙasa an taka ta.

Sai da ta ji ƙarar marin. Hular Jibir ta tashi, ya dafa mota, wani ya ɗaga sanda.

"Ku dakata. Ni ce na ba shi."

Ta zame hannunta daga na mahaifiyarta ta shiga tsakiya. Muryarta ta fito da ƙarfin da take amfani da shi a ɗakin tiyata. "Ni ce likitar. Ni na sa naman nan a kwalba. Matarsa na kwance a asibitinmu."

Mai jan hular ya dube ta sama da ƙasa. "Anti, ke da kike tsaye tun ɗazu? Yanzu kika tuna?"

Ta ciro katin aikinta ta miƙa, ya duba, bai gamsu ba.

"Yarana, ku yi haƙuri," Mama Keziya ta matso tana tafa hannu. "Yarinya na ne, tausayi ne ya kama shi. Dokta na mata ne, na haihuwa, intabiyu za mu je. Ba ruwansa da wannan abu."

"To kin ji," in ji mai jan hular. "Likitan haihuwa, me ya haɗa ki da nama a kwalba? Koma mota, Anti. Mu da malam ne."

Hanya ce aka buɗe mata, mai faɗi. Dinah ta dubi Jibir, gefen bakinsa ya fashe.

"Ba likitan haihuwa zan zama ba," ta ce. "Wannan ne aikina. Intabiyun da za ni yau na wannan ne. Ana yanko nama a kawo mana, mu duba mu faɗi cutar. In mutum ya mutu ba a san dalili ba, mu ne muke buɗe shi. Ba ni kwalbar nan."

Ta karɓi kwalbar daga hannun saurayin, ta ɓare filastar, ta murɗe murfin, ta kai ta saitin hancin mai jan hular.

Ya ja da baya yana tari, idonsa ya kawo ruwa. Babu wanda ke wurin da bai san warin ba. Duk wanda ya taɓa zuwa ɗauko gawar uwa ko uba bayan ta yi makonni ana jiran dangi su taru, ya san shi.

"Warin mocuwari," wani ya ce.

"Shi ne. Maganin da ke hana nama ruɓewa. A asibiti ake samunsa. Mai tsafi ba ya yawo da shi da hatimi da lambar gado. Ga lambar asibitin a kan takardar da kuka taka, ku kira."

Ba wanda ya kira. Mai jan hular ya miƙo mata katinta da bakin yatsu biyu, ya goge hannunsa a wando. "Ashe 'yar mocuwari ce," ya ce wa na bayansa, ba ma a ɓoye ba. "Kyakkyawar yarinya haka. Ku ɗauke gungumen."

Dinah ta rufe kwalbar, ta tsuguna ta ɗauki takardar ta kakkaɓe, ta ɗauko hular ta miƙa wa Jibir. Ba ta iya kallon fuskarsa ba.

A cikin mota mai goyon ta juya jaririnta ɗaya gefen, ta matsa har ta manne da ƙofa. Levi bai ƙara wasa ba, ya kunna rediyo ya kashe. Warin fomalin ya kama yatsun Dinah, ya cika motar, kowa ya sauke gilashi. Ta zauna ƙyam, kai a miƙe, ba ta ɓoye hannuwan ba. Wannan za ta iya ɗauka, ta daɗe da sanin yana tafe. Wanda ya fi ƙarfinta muryar da ta fito daga kujerar baya ce.

"Likita, Allah ya saka da alheri. Yau da ba ki cikin motar nan, da Mairama ba ta sake ganina ba."

"Ba komai," ta ce, ba ta waiwaya ba.

"Allah ya yi wa iyaye albarka. Inna, kin haifi 'ya."

Mama Keziya ta juya fuska ga taga. Idonta na kan duwatsu har suka shiga Jos.

A bakin get ɗin asibitin koyarwa Dinah ta nuna wa Jibir hanyar da zai bi, ta ce ya jira ta a bakin sashen fatoloji, can ita ma za ta. Ya sake godiya, ta sake jin kamar a fuskarta marin ya sauka. Da ya tafi, Mama Keziya ta ajiye buhun citta a gindin bishiyar mangwaro, ta zauna a kai. Ta juya harshe zuwa yaren gida, wanda ba ta yi wa Dinah sai magana ta yi nauyi.

"Tun a tasha kin san shi."

"Na san shi."

"Kika tsaya har aka mare shi."

"Na tsaya."

"Saboda ni."

Dinah ta sunkuyar da kai. Masu sayar da ayaba na kiran mutane, motar ɗaukar marasa lafiya ta shige da jiniya.

"Tun yaushe?"

"Tun ina makaranta nake so. Jarrabawar kuma bara na ci."

"Bara." Mama Keziya ta jinjina kai. "Bara da Kirsimeti kina zaune, matan zumunta suka ɗora miki hannu a kai. Hephzibah da ƙafarta mai ciwo ta durƙusa. Kika ce amin."

"Na ce."

"Ko kin kasa ne? In haihuwar ce ta fi ƙarfinki ki faɗa mini, ba abin kunya ba ne."

Nan Dinah ta ɗago. "Ban kasa ba, Mama. Ki tambayi kowa a Kafanchan. Na iya, ba na so ne. In na shiga don ku, zan yi shekara talatin ina yi da kyau ina jin haushin kowace mace da ta shigo. Miriyam ba za ta dawo ba."

Ta ga maganar ta shiga, ta so ta janye ta, ba ta janye ba.

Mama Keziya ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Gawar za ki yanka da gaske?"

"Yawanci naman masu rai ne, kamar na matar mutumin nan."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Zan yanka."

"Wa zai aure ki? Wa zai ci tuwon da kika tuƙa?"

"Wanda yunwa ta kama."

Bakin Mama Keziya ya motsa kamar za ta yi dariya, ta hana shi. "Ni ba zan faɗa wa zumunta ba. Ban da bakin. Ke za ki zo ranar Lahadi ki tsaya inda kika tsaya aka yi miki addu'a, ki faɗa."

"Zan zo."

Lokaci ya matso. Matasan likitoci na wucewa cikin kwat da takalma masu ƙwalli, kowa da fayil a hammata. Dinah ta gyara rigarta ta ɗauki nata.

"Tsaya. Ba ki ci komai ba tun safe."

Mama Keziya ta kwance ledar ƙosan da ta saya a tasha. Dinah ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai uwar ta janye ledar. Ta kira mai ruwan leda ta karɓi ɗaya, ta huda da haƙori, ta miƙe tsaye.

"Kawo hannu."

Dinah ta gane. Haka ake yi wa waɗanda suka dawo daga bizne mutum. Ana tare su da ruwa a ƙofar gida, ba sa taɓa kwano ba sa taɓa yaro sai an zuba musu. A nan bakin get, gaban masu ayaba da likitocin da za ta yi takara da su. Wata mai fayil ta rage tafiya tana kallo.

Ta saƙale fayil ɗinta a hammata, ta miƙa hannu biyu. Ruwan ya sauko da sanyi, Mama Keziya na zubawa a hankali har ledar ta ƙare, tana kallon yatsun ba fuskar ba.

"Duk ranar da kika zo gida, haka za a yi," ta ce. "Kar ki ce ban faɗa miki ba."

Sannan ta ɗora mata ƙosai uku a tafin hannu. Dinah ta cinye su a tsaye, ta shiga get, ta bi hanyar da ke gangarawa bayan asibiti, inda Jibir ke jiran ta da kwalbar.